Keken Kaka da Dabino Bakwai

Ni fa daga Limawa har Kiyawa ba a haifi wanda zai yi mini wayo ba. Idan mai mangwaro ya ce nasa da zaƙi, sai na sa ya fara sha a gabana. Idan mutum ya gaishe ni sau biyu a rana ɗaya, sai na koma gida na ƙirga awakina. Haka Allah ya yi ni, kuma ina alfahari da hakan. Abu ɗaya ne ke rage mini ƙarfi: a buɗe buhun dabino kusa da ni. Da ƙamshin nan ya bugi hancina, sai in tuna kakana.

Kakana na wajen uba manomi ne a wani ƙauye da ke bayan duwatsun Dutse, yana da lambu a bakin fadama. Kun san wasan da ke tsakanin kaka da jika. To, nawa kakan ya mai da shi sana'a. Ba ya kirana da suna, sai dai ɓarawon matarsa, saboda kakata tana ce mini maigida, tana kuma ɓoye mini ƙanzo. Ya taɓa miƙo mini ƙunshin takarda mai maiƙo ya ce tsire ne, na gudu bayan rumbu don kada a roƙe ni, na buɗe na tarar da ɓawon rogo. Wanda ya fi ci mini rai shi ne na jaki. Ya ce idan na riƙa yi wa jakinsa ciyawa, ɗan da zai haifa nawa ne. Damina guda ina yankan ciyawa, hannuna duk ya yi kanta, ina shafa cikin jakin ina jin kamar wani abu na motsi. Sai da lokacin girbi ya yi sannan wani makiyayi ya tausaya mini ya gaya mini jakin namiji ne. Tsohon ya yi dariya har hularsa ta faɗi. Ranar na yi wa kaina alkawari: ko cewa ya yi rana daga gabas take fitowa, sai na fita na duba.

Ina da shekara goma sha uku ya kira mu lambu, ni da ɗan baffana, wanda na girme wa da shekara biyu. Farkon rani ne, albasa ta fara tasowa, ƙasa na ƙamshin ruwan rijiya. A gefe guda ya jingine tsohon kekensa, mai ƙararrawar da ake ji tun daga masallaci. A ɗaya gefen, can ƙarshen lambun, ya nuna mana wasu 'yan dabino guda bakwai da ya dasa, kowanne bai wuce gwiwata ba, an ɗaure musu ganye kamar marasa lafiya. Ya ce ɗayanmu zai ɗauki keke, ɗayan ya ɗauki dabinon har da ƙasar da suke kai, amma mai dabinon shi zai riƙa yi musu ban ruwa safe da yamma. Ni ne babba, ni zan fara zaɓa, ya ba ni kwana uku.

Muna tafiya gida sai ya ja ni gefe, ya rage murya, babu ko murmushi a fuskarsa.

“Ka ɗauki dabinon.”

Nan take zuciyata ta ce, yawwa, ga tarkon. Da can idan zai yi mini tsiya yana dariya ne, yanzu har ya koyi ɗaure fuska! Kwana ukun nan ban yi komai ba sai bincike. Na san dabino akwai namiji akwai mace, kuma namiji ko shekara ɗari ya yi ba ya ba ka ko ƙwaya ɗaya. Na koma lambu na zagaya su, na tsuguna na leƙa ƙarƙashinsu kamar yadda ya kamata in leƙa jakin nan. Ban ga komai ba, rashin ganin kuwa ya ƙara tabbatar mini. Na kuma lura an dasa su daf da kwamin albasa, wato duk gugan da na ja, rabi albasar tsoho ce za ta sha. Na je wurin kakata, ita da take tawa.

“Maigida,” in ji ta, tana tankaɗe ko ɗago kai ba ta yi ba, “abin da ya ce ka ɗauka, ka ɗauka.”

Na fito ina girgiza kai. Har ita an saye ta.

Rana ta uku na tsaya a gaban kowa na dafa sirdin keke. Kakana ya daɗe yana kallona. Ina jira ya fashe da dariya ya ce na tsallake, amma bai yi ba. Ya ce Allah ya sa albarka, ya juya ya tafi alwala. Ɗan baffana kuwa ya fashe da kuka, ni kuma na ɗauki kukan shaida ce cewa na yi nasara.

Kai, na ci duniya da keken nan! Na je Kiyawa na dawo kafin a sauke tukunya. Kaji na jin ƙararrawata suna hawa katanga. Ina wucewa ta bakin lambu in tarar da yaron nan yana jan guga, rigarsa sharkaf, sai in danna ƙararrawa in ce masa ya gai da angwaye bakwai. Damina biyu keken ya yi. Sarƙa ta tsinke, aka ɗaura. Taya ta sha faci har facin ya fi tayar yawa. Daga ƙarshe na sauko daga wani gangare ba birki, ni na yi gabas, keken ya yi arewa. Kakata ta mai da ƙarfensa abin shanya tsumma.

Dabino kuwa bai yi gaggawa ba. Sai da kakana ya rasu, ni na shigo gari ina buga-buga, sannan suka fara fure. Bakwai ɗin nan, duka mata. Daga baya na san abin da kowane mai lambu ya sani: wanda ya tsiro daga ƙwallo shi ne ba a san jinsinsa ba, amma ɗan da aka cire daga gindin uwa, uwarsa yake biyowa. Tsohon daga gindin wadda ta fi kowacce zaƙi ya cire su. Tambaya ɗaya ta isa in sani, sai dai wa zan tambaya, tunda duk wanda ya ba ni amsa zan sa shi cikin maƙarƙashiyar?

Yanzu gari ya kusa cinye fadamar, gidajen bulo sun kewaye ta, adaidaita na wucewa ta inda na faɗi. Jikokin yanzu kakanninsu ba sa yi musu irin wannan wasa, kowa na duba waya. Bakwai ɗin nan dai suna nan, sun fi soro tsawo, sun haifi wasu, su suka aurar da ɗan baffana, su ke ciyar da gidansa. Duk shekara yana aiko mini da rabona, ni kuma ina ɓare ɗaya ɗaya ina duba ko akwai tsutsa.

Bara na je gai da gwaggona, ita kaɗai ta rage a cikin 'ya'yan tsohon. Na ce mata har yau ban yarda ba, da gangan ya ce in ɗauki dabino don ya san zan ƙi, ya samu ya ba ɗan gaban goshinsa. Ta cire goro daga bakinta ta dube ni.

“Ɗan nan, kwana biyu yana haƙar gindin dabinon nan da bayansa mai ciwo, yana cewa na babban jikansa ne. Keken don kada ƙaramin ya yi kuka aka fito da shi. Ba wanda ya zaci babban ne yaron.”