Hajiya Luba, Wadda Ta Tsaya wa Innata a Cikin Jirgi

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Ranar Talata, 10 ga Agusta, 1999, Allah ya yi wa Hajiya Luba ta Tudun Wada rasuwa. Ta je Doguwa duba ƙanwarta, a hanyar dawowa ta dafe ƙirji a cikin mota, kafin a isa asibiti rai ya yi halinsa. Ni Tasalla Shitu daga Kiru nake rubuta wannan. Karatuna bai wuce firamare ba, kuma ban iya magana a gaban mutane ba. Amma a kanki, Hajiya, ba zan iya yin shiru ba.

Mu ba danginki ba ne. A sansanin alhazai na Kano muka fara ganinki a aikin hajjin bana, da aka haɗa mutanen Kiru da Bebeji da Tudun Wada da Doguwa a jirgi ɗaya. Baba ya tafi da ni ne don in riƙa yi wa Inna hidima, saboda ta daɗe tana haki ko da ɗan tafiya kaɗan ta yi. Kin zo kin shimfiɗa tabarmarki kusa da tamu, kika gaishe ni, na amsa kaina a ƙasa. Sai kika ce wa Inna, "Wannan 'yar taki sai an yi layi ake jin muryarta?" Tun daga ranar kika sa mini suna Sarkin Surutu.

A Mina kin bar wa Inna wurinki na bakin tanti don ta sha iska, ke kika koma ciki inda zafi yake. Dambun naman da kika taho da shi bai kwana uku a hannunki ba. Akwai tsofaffin Fulani mata daga rugagen Doguwa da suke jin nauyin tambayar komai, ke kika riƙa bin su da gurguwar Fulatancinki, suna yi miki dariya, a cikin dariyar kuma kike gano wadda ba ta ci abinci ba.

Abin da ba zan manta ba shi ne ranar dawowa. Da rana ne, mun daɗe a sama, har an ce mun kusa Kano. Inna tana tsakanina da ke. Ta ce mini hannunta ya yi nauyi. Kafin in juyo sosai kanta ya langaɓe a kafaɗata. Na kira ta, ba ta amsa ba. Na kasa ihu. Ke kika yi ihun.

Ma'aikatan jirgin ba 'yan ƙasarmu ba ne, ba sa jin Hausa. Suka kwantar da Inna a hanyar da ke tsakanin kujeru, wani namiji a cikinsu ya durƙusa yana danna mata ƙirji da ƙarfi. Mutane suka taso, salati ta ko'ina. Wata baiwar Allah ta buɗe gorar zamzam ta tuttula mata tun daga fuska har ƙirji. Ni kuwa na riƙe hannunta da hannuwana biyu.

Sai wata ma'aikaciya ta zo a guje da wani ɗan akwati, bai fi ƙaramar rediyo girma ba. Ta buɗe shi, ya fara magana da Turanci. A cikin alhazai akwai Malam Sabo, malamin asibiti daga Bebeji, shi ya yi mana tafinta. Ya ce zuciyar Inna ta rikice, ba ta tura jini. Wannan na'urar za ta duba ta, in da hali ta fizge ta da lantarki ta dawo daidai. Amma sai an cire riga an manna mata wasu abubuwa biyu a fata, kuma yanzu-yanzu, don jinkiri kaɗan ya isa a rasa ta.

Baba ya tsaya a kan Inna ya tare. Ya ce ba za a tuɓe masa iyali a gaban maza ba, matar da ta fito daga Ɗakin Allah. In lokacinta ne ya yi, a bar ta ta tafi da suturarta. Wasu suka ce gaskiya ne. Ma'aikaciyar tana ta magana, ba mai jin ta. Leɓen Inna ya fara yin duhu, ina gani.

A nan kika miƙe, Hajiya. Kika ce, "Alhaji Shitu, sutura kake so? Yanzu za ka ga sutura. Matsa." Kika juya kika ce, "Matan Tudun Wada, matan Doguwa, ku taso da mayafanku! Maza kowa ya kalli gabansa, wanda ya waiwayo ni da shi ne."

Mata suka zagaye mu, kowace ta ɗaga mayafinta sama, har da tsofaffin nan na ruga. Namijin ma'aikacin ya ja baya, mace ta karɓi dannawar. Baba ya juya baya yana kuka. Ke kika tsaga rigar Inna da hannunki. Malam Sabo ya ce daga bayan mayafai a goge ruwan, ba a son jiƙa, kika cire ɗankwalinki kika tsane ƙirjin. Aka manna abubuwan. Akwatin ya sake magana, Malam Sabo ya ɗaga murya ya ce kowa ya sake ta, kada wanda ya taɓa ta.

Kowa ya saki, ban da ni. Na ji abin da ya ce sarai, amma yatsuna suka ƙi buɗewa. A ganina in na saki, tafiya za ta yi ba kowa a hannunta. Kika sunkuyo kika ce, "Sake ta, 'yar nan, ba guduwa za ta yi ba." Ban saki ba. Sai kika ɓanɓare yatsuna ɗaya bayan ɗaya, kika ja ni jikinki kika ƙanƙame. Ma'aikaciyar ta danna wani maɓalli. Jikin Inna ya zabura. Aka ci gaba da danna ƙirji. Ban san tsawon lokacin ba. Can sai na ji wani irin gurnani, Inna ta ja numfashi.

Da muka sauka, motar asibiti tana jira a gindin jirgi. Likita ya gaya wa Baba cewa ba kowane jirgi ne yake ɗauke da irin wannan na'ura ba, kaɗan ne suka fara, Allah ne ya sa namu yana da ita. Danginki sun zo tarbarki da motoci, kika ce su yi gaba da kaya. Sai da Inna ta buɗe ido ta gane mu kika tafi gida.

Bayan an sallame mu ba ki bar mu ba. Kikan hau mota daga Tudun Wada ki sauka a Kwanar Dangora, ki sake hawa wata zuwa Kiru, ki shigo da man shanu kina cewa, "Ina matar da ta tsorata jirgi guda?" Ba ki taɓa tayar wa Baba da maganar ranar ba. Shi ma bai taɓa tayarwa ba, amma in kin zo da kansa yake fita ya samo miki kifin Tiga.

Ranar Laraba ɗanki Mamman ya zo da labari. Baba ya tare shi a zaure. Likita ya riga ya ja kunnenmu cewa zuciyar Inna ba ta son firgici, saboda haka Baba ya ce kada wanda ya gaya mata. Muka yi wuni biyu a haka. Inna tana zaune tana ƙulla miki kuka da daddawa, tana cewa, "Hajiya ta yi shiru, ko ruwa ne ya hana ta?" Duk wadda ta yi sallama sai in yi sauri in tare ta a ƙofa. Wata mai tallan ƙosai ta shigo ta fara cewa, "Ashe haka..." na ja ta waje da ƙarfi har ta zubar da biyu. Inna ta bi ni da kallo. Ta ce, "Tasalla, me ke faruwa a gidan nan?" Na ce ba komai. Ban taɓa yi mata ƙarya ba sai ranar.

Da safiyar Juma'a na sami Baba a zaure na durƙusa. Na ce gara ta ji daga bakinmu tana zaune da maganinta a kusa, da ta ji daga bakin mai talla. Ya ce, "To ke za ki faɗa? Ni ba zan iya ba." Na ce zan faɗa.

Na ba ta magani, na jira ta sha kunu. Baba yana tsaye a bakin ƙofa, mota tana waje ko da za a buƙata. Na ce, "Inna, Hajiya Luba ta riga mu."

Ta ajiye kofin. Ni ba fuskarta nake kallo ba, ƙirjinta nake kallo. Ya ɗaga, ya sauka. Ya sake ɗagawa. Hawaye suka zubo mata, ta yi salati a hankali. Sannan ta ce, "Shi ne kuka bar ni ina ƙulle-ƙulle? Alhaji, motar da nake jin ƙararta a waje, a juya ta Tudun Wada."

Mun je, Hajiya. Inna da ƙafarta ta shiga ɗakinki, ta zauna a cikin 'ya'yanki, ta gaya musu abin da kika yi da bakinta.

Allah ya jiƙanki, ya gafarta miki, ya karɓi hajjinki. Yadda kika suturta Innata a gaban jama'a, Allah ya suturta ki ranar tsayuwa. Ya yalwata kabarinki, ya sa Aljanna ce makomarki. Ina miƙa ta'aziyyata da ta iyayena ga Yaya Mamman da Anti Fatima da sauran 'ya'ya da jikoki, da ƙanwarki ta Doguwa, da dukan mutanen Tudun Wada. Allah ya ba mu haƙurin rashinki, in tamu ta zo ya sa mu cika da imani. Amin.

Tasalla Shitu, Kiru.