Langar Mama

Safiyar Kirsimetin shekarar da na shiga aji uku, Mama ta ɗora mini langarta mai fure a ka, shinkafa da nama fal, ta ce in kai gidan Inna Hajara. Na tsallaka 'yar gadar magudanar ruwan da ta raba gidanmu da gari ina ƙunƙuni, don na san abin da zai faru. Bara haka aka yi, bara waccan ma haka. Inna Hajara ta buɗe murfin, ta yaba ƙamshi, ta sa mini albarka, ta mayar da murfin, ta ce in gaida uwata. Na juyo da langa da zafinta, yara na bina suna kiran 'yar Nasara, ni kuwa hawaye na zuba.

Mu kaɗai ne Kirista a wannan ƙauyen Hausawa na Jazira, kusa da Wad Madani a ƙasar Sudan. Iyayena daga duwatsun Nuba suka zo tsinkar auduga, Baba ya sami aiki a hawashar Malam Bello, mijin Inna Hajara, wato gonarsa ta noman ruwa, shi ke nan suka zauna. Nan aka haife ni aka sa mini Marta, da Hausa na koyi carafke da faɗa, da 'ya'yan garin muke korar tsuntsaye a gonar dawa muna kaɗa gwangwani har makogwaro ya bushe. A gona da bakin ruwa duk ɗaya muke. A bakin kwano ne kawai ake tuna mana cewa mu baƙi ne, kuma abin yana yi mini ciwo.

Mama ba ta iya karatu ba, wa'azinta a hannunta yake. In aka haihu ita ce ta farko da taɓarya, in aka yi rasuwa ita ke wanke tukwane. Duk wadda ta yi mata godiya sai ta ce, "Almasihu ne ya ce in yi." Hausarta a karye take, mata na yi mata dariya, ita ma tana taya su, amma ba ta taɓa haɗiye wannan sunan don kunya ba. Taurin kai ne da ita, ni ma na gada.

Ranar nan da na dawo da langa, Baba ya ce a daina, mutanen nan addininmu suke ƙyama, kada a ƙara aika masa ɗiya a wulaƙanta ta. Mama ta yafa mayafi, ta ɗauki langar da kanta, na bi ta a baya. Ta sami Inna Hajara tana toya kisra, wato siririyar wainar dawa, ta tambaye ta kai tsaye laifin da ta yi. Inna ta ce, "Wallahi, Uwar Marta, ba ke munka ƙi ba. Naman ga, wa yay yanka shi?" Ashe a wuƙa maganar take. Yankan Baba ne ba sa ci, kunyar maƙwabtaka kuma ta hana kowa faɗa, mu kuwa muna can muna zaton ƙin mu ake.

Tun daga watan nan Mama ta sayi ɗan akuya, ni ce mai yankar masa ciyawa a gefen ruwa bayan an tashi makaranta. Da Kirsimeti ta zagayo ta ce Malam Bello za a kai wa ya yanka. Baba ya husata, ya ce yana raye da hannunsa za a kai dabbar gidansa wani ya yanka masa? Mama ta ce, "Ubangijinmu ya durƙusa ya wanke ƙafafun mabiyansa. Kai wuƙa ce ba za ka iya ajiyewa ba?" Ta ja igiya ta fita. Malam Bello ya juya kan dabbar alƙibla ya yi bisimilla, sai ga Baba ya iso fuska a murtuke, ya tsuguna ya riƙe ƙafafu, shi ya yi fiɗa.

Da na kai langa, Inna Hajara ta karɓa ta shige ciki, ta bar ni tsaye a zaure. Can ta fito ta ɗora mini ita a ka, na ji nauyi, na zaci namu ne aka sake dawowa da shi, raina ya ɓaci. Sai da na je gada na leƙa, na ga ƙosai ne da zafinsa, don a garin ba a mayar da kwano ba komai a ciki. Na ruga gida har takalmina ya tsinke.

Da la'asar Inna ta zo shan jabana, ƙahawar Mama mai citta, ta tambayi labarin bikin. Mama ta ba ta labarin haihuwar Yesu a wurin dabbobi, da karyayyiyar Hausarta, ta ce shi ne Mai Cetonta. Inna ta ce su a wurinsu ƙarƙashin dabino aka haifi Annabi Isa, kuma annabi ne, bai wuce haka ba. Ba wadda ta matsa daga nata. Haka suka riƙa wannan gardama duk shekara, bakinsu cike da nama, har tsufa ya ci ƙarfinsu.

Yanzu dukansu sun rasu, yaƙi ya watsa ƙauyen, ni ina ɗakin haya a Rusairis inda maƙwabci bai san sunan maƙwabci ba. Ina kewar wannan gada matuƙa. Langar tana cikin ɗan abin da na iya fita da shi. Bara na nemi mahauci Bahaushe ya yi yanka, na aika ta gidan da ke jikin nawa, aka dawo mini da ita ba a taɓa ba. Bana da ƙafata zan je in tambaya.