Abin da na gaya wa akuya

'Yata ta fari likitar dabbobi ce. A Samaru ta yi karatu, aka tura ta mayanka a Sabon Gari, tana duba shanu kafin a kai su ƙasa. Babu gidan biki a Dogarawa da ban cika musu kunne da labarinta ba. Amma a gabanta ko sunanta ban taɓa kamawa ba. Mu haka muka taso, 'yar fari ba a yabonta, ba a lallashinta.

Aikin kuwa yana cin ta. Saniya ta sauko daga mota da karayar ƙafa, ana jan ta da wutsiya, 'yar tawa kaɗai ke faɗa, mahauta na dariya. Ta dawo gida da ƙarnin jini, ko romo ba ta iya sha.

Rannan da la'asar ina tsince shinkafa, sai ta zauna a bakin tabarmata, abin da ba ta saba ba.

"Inna, yau na hana a yanka wata mai ciki. Mahaucin ya ce, 'Likita, ko ƙanwarki ce?' Ina juya baya suka yanka ta. Na ga ɗan maraƙin a kwata. Anya aikin nan nawa yana da amfani?"

Wallahi amsar tana bakina, ni da ba a kayar da ni a zance: ko ɗaya kika tsirar, Allah ya gani. Amma sai na ji na ce, "Tashi ki ɗora ruwa, rana ta yi sanyi."

Ta tashi. Kafin damina ta ajiye aikin, ta buɗe shagon maganin kaji a unguwar PZ. Ciniki na tafiya, har ta yi ƙiba, ana ta yi min barka.

Bara akuyata ta ɗauki ciki, ta daina cin dusa. 'Yar tawa ta zo ta durƙusa tana lalube cikin a hankali, fuskarta ta washe yadda na daɗe ban gani ba. Na kau da kai, na ɗaga murya.

"Ke akuya, kin yi sa'a. Hannun nan babu irinsa a Zazzau."

Ta wanke hannu a buta, ba ta dube ni ba.

"Inna, ai da tun wancan lokacin kika gaya wa akuyar."