Buhun Malam Sabiru

Duk wanda ya yi sakandaren gwamnati a unguwarmu ta Agege ya san Malam Sabiru mai bayoloji, shi da buhunsa. Haifaffen Legas ne, jikan tsohon soja, Yarabanci a bakinsa kamar ruwa. Shekara goma sha tara ya yi yana koyarwa a makarantar da ko famfo babu, balle ɗakin gwaji.

Sauran malamai in suka iso babin sauyawar halittu, tsallake shi suke yi, kowa na gudun bakin iyaye. Shi kuwa taurin kai! Sai ya tafi mayanka ya roƙo ƙafar saniya ta gaba, ya haɗa da fiffiken kaza da na jemage, ya dafa, ya kankare, ya ɗaure ƙasusuwan da waya. Ya baje su a tebur ya ce da ɗalibai, "Kada ku yarda don ni na faɗa. Ku taɓa, ku ƙirga, sannan kowa ya shafa nasa hannun." In wani ya ce wannan ya saɓa wa addini, ba ya fushi. "Sahu ɗaya muke sallah da babanka," in ji shi. "Tambaya ba kafirci ba ce."

Matarsa Ni'ima ta ce ƙashi ba zai kwana mata a ɗaki ba, don haka a bayan aji yake wannan aikin. Can ya gyara hannun biri, wanda ya shekara biyu yana nema kafin wata mai sayar da naman daji ta samo masa.

Wata Laraba aka gayyace shi taron malamai a Ojota ya nuna kayansa. A hanyar dawowa, kwandastan danfo, ƙaramar bas ɗin haya, ya fizgo buhun, buhun ya yage. Hannun ya faɗo kan kwalta, yatsu biyar cif, daidai na jariri. Wata mata ta ƙwala ihu da Yarabanci cewa ga mai satar yara. Shi ke nan fa. Ya yi bayani da harshe uku, ba wanda ya saurara, sai duka ta ko'ina. An riga an rataya masa taya a wuya za a cinna masa wuta lokacin da 'yan sanda suka iso.

Likita ya duba, ya rubuta cewa ƙashin biri ne, aka sake shi. To amma bidiyon dukan ya shiga wayar kowa, takardar likita kuwa wa zai tura wa wani? Shugaban makaranta ya ce ya ɗan huta a gida tukuna. Hutun ya shiga wata na bakwai. Mata na janye 'ya'yansu in ya zo wucewa. Wallahi abin da ciwo, amma ya daure, yana ce wa kansa ai na waje ne, ba su san shi ba.

Wata safiya Ni'ima na gasa masa haƙarƙarin da ya karye da ruwan zafi, sai ta tsaya, tsumman a hannunta. Ba ta ɗago kai ba.

"Baban Surayya," ta ce, murya ƙasa-ƙasa, "tsakaninka da Allah, na biri ne?"

Ya kalle ta. Sannan ya jawo rigarsa ya rufe jikinsa.