Ranar da Farantin Ya Fito Tas

A unguwar Nima kowa Dokta yake ce mini, alhali ni mai gwajin jini ne kawai. Lokacin da ƙanjamau ta fara shigo mana, a wani faranti mai ƙananan ramuka muke gwaji. Kafin a ɗiga jini sai mun jiƙa ramukan da ruwan garin madara, don ta toshe duk inda datti zai maƙale. Ramin mai cuta kaɗai ya kamata ya yi rawaya, amma in madarar ba ta kama ba, farantin duka yakan yi rawaya, ba a gane mai cuta da mai lafiya. Sau nawa na zagi irin wannan faranti kamar yana ji!

Maƙwabcina, bakanike a unguwar Abossey Okai, ya daɗe yana ramewa, ya ƙi zuwa asibiti don kada a gan shi. Ya ce, "Dokta, kai za ka ɗiba, kai za ka duba mini."

Ranar da na gwada jininsa, madarar ta kama yadda ba ta taɓa kamawa ba. Ramukan suka fito tas, nasa kaɗai ya yi rawaya kamar gwaiduwa. Na sake, haka dai. Na yi ta ɗaga farantin a haske ina neman ɗan dattin da zan fake da shi. Babu.

Da yamma na same shi bakin famfo yana alwala. Ya dubi fuskata, bai tambaye ni komai ba. Ya ce, "Dokta, kada tsohuwa ta ji."

Ban ƙara zagin faranti mai datti ba.