Kiɗan Ɗan Mai Injin Niƙa

Alkasum ɗan Isufu mai injin niƙa ne, haifaffen Malbaza, kuma tun yana rarrafe a cikin ƙara yake. Ta gaba motocin siminti na wucewa, ta baya injin ubansa na kuka daga safe har la'asar. Da wani yaro ne, da shiru zai nema in ya girma. Shi kuwa cewa ya yi akwai kiɗa a cikin ƙarar nan, mutane ne ba su tsaya sun saurara ba.

Da ya bar lakwal, wato makarantar boko, sai ya koma Birnin Ƙonni, ya kama aiki a wani ɗan sutudiyo yana haɗa wa mawaƙan biki kiɗa a kwamfuta. Da wannan yake ci. Ranar da babu mawaƙi kuwa, sai ya saɓi na'urarsa ya shiga yawo yana naɗar ƙarar burkin tirela, da tabarya a turmi, da kukan jakai a kasuwar Illela. Ya dawo ya yanka, ya ja, ya juya su baibai, ya ce ya yi kiɗa. Abokansa in sun ji sai su tambaye shi ko rediyo ce ta lalace. Amma da ya zuba abin a intanet, sai ga wasu mutane can nesa suna ta yabo, har da masu cewa ba su taɓa jin irinsa ba. Kansa ya ɗan kumbura, kuma ni ban ga laifinsa ba.

Yabon da yake nema da gaske yana Malbaza. Malam Isufu bai taɓa zagin sana'ar ɗansa ba, bai kuma taɓa kiranta sana'a ba. In an tambaye shi me Alkasum yake yi, sai ya ce yana Ƙonni, ya kawo wata magana. Wannan shirun ya fi zagi ci wa Alkasum rai.

Sai ya yi dabara, a ganinsa. Ya naɗi ƙarar injin ubansa, ya kwashe damina guda yana sarrafa ta, har ta zama abin da ya fi duk ayyukansa. Ranar sallah ya kinkimo lasifika ya kawo gida, ya ce ga goron sallar Baba. Ya kunna. Tsohon ya ji kaɗan, ya gane muryar injinsa, ya sunkuyar da kai.

"Kashe abin ga, Alkasum," ya ce, ba da faɗa ba. "Tun ba a haihe ka ba nika jiran ranar da ƙarar ga za ta bar ni. Yau da inji ka hutu, kai kuma ka kwaso min ita hal cikin ɗaka."

Alkasum ya yi kuka a motar komawa Ƙonni, ba ya ma ɓoyewa. Ya daɗe bai iya taɓa kwamfutar ba sai don aikin biki.

A wannan zaman ne ya saba da Munkaila, wani tsohon mabushin sojoji da ya yi ritaya yake zaman fada, wato majalisar hira da shan shayi, kusa da tasha, da abin busarsa, saksofon, a naɗe cikin zane. Shi ya jiyar da shi tsofaffin kaset na kiɗan Turawa da ake kira jaz. Da farko Alkasum ya ce ai kowa gabansa yake yi. Munkaila ya yi dariya, ya ce kamar hirar fada ce: wani ya kawo zance, kowa ya tofa nasa, a zaga a dawo kan zancen. Alkasum ya ɗauki jita zai koya, sai ya tarar shekarun nan duka da yatsa ɗaya yake kiɗa a kwamfuta, sauran tara hutu suke. Ya sha wuya, yatsu suka yi kanta. Suka samo Tanimun, mai gurmi daga Tajaye, wanda ba a ganinsa sai an gama girbi, don haka ƙungiyar tasu ta rani ce. Masu yabon intanet suka ce ya tsufa tun kafin lokaci, suka watse.

Bayan rani biyu Alkasum ya roƙi ubansa ya ba su la'asar ɗaya. Ba lasifika, ba waya. Aka shimfiɗa tabarmi a gindin itacen bedi, Alkasum ya zaunar da Munkaila a hannun daman tsohon don girmamawa, shi ma ya raɓa ta nan, inda ya saba tsugunawa tun yana yaro. Gurmi ya fara, jita ta bi, Munkaila ya shigo a hankali kamar mai sallama.

Malam Isufu bai yi motsi ba. Can sai ya fara kawar da kai, yana juya fuska gefe. Alkasum ya ce a ransa shi ke nan, wannan ma bai karɓu ba. Ya daure suka kai ƙarshe. Tsohon ya nuna Munkaila da haɓa.

"Gobe in kun taho, mai busar ga shi zamna min ta hagu. Kunnen dama inji ya daɗe da cinye shi. Kai ma, Alkasum, ka koma nan. Rabin abin da kaka hwaɗa min shekarun ga ban ji ba."