Na Samu Ƙane Mai Furfura

Ina zama a layin masu ciwon suga, wani dattijo daga garin Gwiwa ya ce, "'Yata, kakanki kika kawo?"

Ranar ce zuwana na farko ɓangaren manya a asibitinmu na Kazaure. Likitar yara ta sallame ni, Umma ta ce na girma, in je ni kaɗai. Gabana sai faɗuwa yake.

Na ce, "Baba, ni ce mai ciwon. Shekarata goma sha ɗaya da shi."

Ya gyara hula. "Ni watana biyu, kuma allurar nan tsoronta nake. Ashe yayata ce! Matso, Yaya, ki koya mini."

Har aka kira sunana ina yi masa faɗa kan shayi mai suga cokali uku. Tsoron nan nawa kuwa, ban san inda ya shiga ba.

Jama'a, a cikinku wa ya taɓa samun ƙane mai furfura?